Hannun da ke cikin riga

A tashar motar Dengfeng, Qiao Fenglan mai fanken nama tana kallon wani tsohon ɗan zuhudun Buddha. Kansa tal-kwabo, yatsunsa duk kanta, da gani ya yi shekara hamsin yana fasa tubali da hannu a horon faɗa. Da hannu ɗaya yake gaida jama'a, yadda 'yan haikalinsu ke tunawa da malaminsu na dā, wanda ya sare hannunsa don neman ilimi. Ɗaya hannun yana cikin riga, yana lallaɓo fanken alade zuwa baki.

"Baba, ashe kuna cin nama? Ba an haramta muku ba?" in ji ta.

"Sarki ya halatta wa mayaƙan haikalinmu, shekara dubu ke nan."

"To ɓuyan na mene ne?"

Ya waiga, ya haɗiye. "Shugaban haikalinmu bai samu labari ba tukuna, 'yata."