Kwabban Mamman Mai Gurasa

Har yau ban manta da ranar da wani mutum ya shigo shagonmu na unguwar Misfala, a nan ƙasa mai tsarki, da ƙullin hankici ba. Tsofaffin kuɗi muke saye da sayarwa, ni ke kan tebur, Ammu Salihu ne mai shago. Ƙa'idarmu, duk wanda ya kawo kaya sai ya nuna iƙama, wato katin zama, kafin a yi ciniki.

Ya kwance hankicin, sai ga kwabban tagulla. Ya ce kuɗin zamanin Turkawa ne, gadon kakansa.

Na ce, "Tayyib, iƙamarka?"

"Na baro ta a mota. Kai dai yi musu kuɗi."

Yana magana, idonsa na kan ƙofa. Na ɗauka jabu ne, irin waɗanda ake jiƙawa a ruwan tsami su yi kamar sun tsufa. Amma da na sa madubin ƙara girma, na ga hannu ne ya cinye gefensu. Babu sunan sarki, sai rubutun ajami: "Mamman, gurasa ɗaya". Na ce ya bar guda, ya dawo gobe.

Ammu Salihu na gani ya ce, "Wannan ba kuɗin hukuma ba ne. Da can in canji ya yi wuya, mai shago kan buga nasa ya ba ka, a wurinsa kaɗai za ka kashe. 'Yar Mamman na nan a unguwar Shisha, Hajiya Ladi. Kai mata."

Na kai mata. Ta juya shi a tafin hannu, ta dube ni ta ce:

"Ɗana, ina akwatin?"

Ashe ranar da aka rushe gidansu a unguwar Nakkasa, direban da ya kwashe musu kaya ya ce akwatinta ɗaya ya faɗi a hanya. Kwabban mahaifinta na ciki, da takardun gida.

Washegari mutumin ya dawo, ya tarar da ita zaune kusa da teburina. Ta ɗaga kai ta ce, "Kai ne direban nan." Ya saki hankicin ya fice da gudu. Kwabban sun dawo hannunta, takardun kuwa har ta rasu ba a gan su ba.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, madubi zai gaya muku ko kaya na gaske ne. Ba zai gaya muku ko na wanda ya kawo ba ne. Wannan sai kun taka kun tambaya.