Malam Kwano da Littafin Manyan Kalmomi

Ranar wata Asabar ce a farkon daminar 1958, an yi ruwa da hantsi an ɗauke, ina tsugune a ƙofar zaurenmu a Gusau ina goge butar alwalar Baba da toka, sai na ɗaga kai na ga farin mutum tsaye a kaina, rungume da wani littafi mai kauri kamar tubali. Gajere ne, gashinsa baƙi wuluk a kwance, idanunsa ƙanana, wandonsa ya sha laka har gwiwa. Na saki butar na ruga cikin gida ina gaya wa Inna cewa Bature ya zo kama Baba. Da na dawo na leƙa ta bayan zana, abin da na gani ya fi kamun girgiza ni. Mutumin ya cire takalmi, ya zauna a kan tabarma ƙasa da kujerar Baba, ya buɗe littafin a cinyarsa. Baba na faɗin kalmar Turanci, shi yana maimaitawa, yana kuskure, Baba na girgiza kai yana cewa ya sake. Shekarata goma a lokacin, kuma ban taɓa jin an ce akwai farin mutum a duniya da bai iya Turanci ba, balle a ce baƙin mutum ne zai gyara masa baki.

Baba malamin elementare ne, kuma ni kaɗai ce yarinya a unguwarmu da ake koya wa Turanci a gida bayan an tashi makaranta. Da baƙon ya tafi na tambayi Baba, ya yi murmushi ya ce, "Wanga ba Bature ba ne, Ladi. Mutumin ƙasar Sin ne. Turanci baƙo ne a bakinshi kamar yadda yake baƙo a naki." Sunansa Kwan. Wani kamfani ne ya aiko shi daga Hong Kong ya sayar da kwanukan fenti masu furanni, irin waɗanda mata suka fara jerawa a ɗaki a shekarun nan, kuma yana da ɗan shago a Sabon Gari. Mutum mai suna Kwan yana sayar da kwano, ai mutanen Gusau ba su sha wahalar raɗa masa suna ba. Kafin damina ta yi nisa, yaro da babba Malam Kwano suke ce masa, shi kuma yana amsawa har da ɗan rusunawa. Yana da Turancin ciniki da ya tsinta a jirgin ruwa, amma duk lokacin da ya shiga ofis sai Turawa su yi masa magana kamar suna yi wa ƙaramin yaro. Abin yana ci masa rai. Shi ya sa ya sayi littafin manyan kalmomi, kowace kalmar Turanci da ma'anarta a gefe cikin rubutun ƙasarsu, rubutun da ni da ƙanena Bawa muka yanke cewa sawun kaji ne a kan danshi. Ma'ana ya san ta. Yadda ake furtawa da inda ake saka kalma ne ya rasa, shi ne ya zo nema wurin Baba.

Duk Asabar da Lahadi bayan la'asar yana zaurenmu. Ni kuwa a kwanakin nan nakan yi sauri in gama surfe, in share tsakar gida, in ba awaki dusa, in kai wa Inna ruwa daga rijiya, don kada a fara ba ni. Ƙawayena na kirana wasan 'yar gala-gala a bakin titi, ba na ko waiwaya. A makaranta, lokacin tara, idan an buga guntun ƙarfen dogon da yake ƙararrawarmu, 'yan ajinmu sukan kewaye ni a gindin dalbejiya in ba su labari: yadda ya ci tuwon dawa da tsinke biyu, yadda ya kasa furta wasu haruffa sai harshensa ya karkace, yadda yake rubutu daga sama zuwa ƙasa. Rabinsu ba su yarda ba. Wata Hansatu ta rantse cewa ƙarya nake, wai farin mutum da Turanci ake haihuwarsa.

Da Baba ya ga na iya karanta haruffan, sai ya ba ni aiki. Idan ya tashi sallah ko baƙi suka zo, ni nake riƙe littafin, in karanta kalma yadda Baba ya faɗe ta, Malam Kwano ya maimaita. Ni ban san ma'anarsu ba, shi kuma ba shi da Hausar da zai gaya mini, don haka sai ya kwatanta da jiki. Idan na ce "magnificent", sai ya miƙe ya buɗe hannuwa yana kallon rufin zaure kamar ya ga fada. Idan na ce "inevitable", sai ya saki dutse daga hannunsa ya nuna mini yadda ba makawa sai ya faɗi ƙasa. Bawa, wanda shekarunsa bakwai, yakan zauna a bakin ƙofa yana kwaikwayonsa. Wata rana na karanta "amputate". Malam Kwano ya sari hannunsa na hagu da gefen tafin dama, ya zare hannun ya ɓoye a cikin riga, ya bar hannun rigar yana lilo. Muka yi dariya har na kwanta a tabarma. Bawa ya naɗe ƙafa ɗaya a cikin wando ya zagaya zaure yana ɗingishi yana rera kalmar kamar waƙa, Malam Kwano ma yana dariya yana rufe baki da hannu. Ya gaya mana, da 'yan kalmomi da nuni, cewa yana da ɗiya kamar tsawona a garinsu, kuma ita ma haka take yi masa dariya.

Da hutun tsakiyar damina ya zo, gidanmu ya watse. Inna ta haihu ta tafi wanka gidan iyayenta a Bungudu, aka kira Baba kwas a Sakkwato, mu kuma aka kai mu Tsafe wurin Kaka, mahaifiyar Baba. Ina son Tsafe. Da safe ina kai wa masu noma fura a gonar da ke gindin dutse, in dawo da ganyen tafasa da yaɗiya a ƙwarya, da yamma mu yi gaɗa a dandali har ƙafa ta yi zafi. Bawa ya nace sai an ba shi fartanya kamar manya. Aka ba shi wata ƙarama, ranar farko ya sari bayan ƙafarsa kusa da yatsu. Kaka ta wanke ciwon, ta zuba toka da dakakken ganye, ta ɗaure da tsumma, kamar yadda ta yi wa 'ya'yanta duka suka warke. Bawa bai zauna ba. Ya ci gaba da shiga taɓo yana kamun kwaɗi da yaran unguwa. Bayan 'yan kwanaki ƙafar ta kumbura, zazzaɓi ya kwantar da shi, ɗakin ya fara wani wari da ban taɓa ji ba. Na ga lokacin da Kaka ta kwance tsumman. Yatsun sun yi baƙi kamar gawayi. Ta mayar ta ɗaure, ta ce kada in gaya wa kowa, an aika a karɓo rubutu.

Ranar kasuwar Tsafe ta aike ni sayen kanwa. Ina ratsa layin masu ƙwarya sai na hangi babbar motar kamfani, kwanuka jere a ƙasa suna walƙiya, Malam Kwano tsaye da malafa yana ciniki da yatsu. Ban san lokacin da na kama hannun rigarsa ba. Duk Turancin da na koya ya gudu, sai kalma biyu suka rage, ta ciwo da ta ƙafa, na haɗa su da sunan Bawa. Ya bar kwanukan wa yaron shagonsa ya biyo ni. Maƙwabta suka cika ƙofar gida don ganin farin mutum ya shiga ɗakin tsohuwa. Ya durƙusa, ya kwance tsumman da kansa, ya duba. Ya naɗe Bawa a zane ya saɓa shi a kafaɗa ya nufi mota. Kaka ta biyo shi tana faɗa tana jan mayafi, ni ina biye da ita. Haka muka taho Gusau, Bawa kwance a cinyar Kaka, direban, wani mutumin kudu, yana kauce wa ramukan ruwa yana addu'a da yarensu.

A asibiti aka kwantar da Bawa a kan wani dogon tebur. Likitan Bature ne, dogo, mai jan gashi a hannu. Ya daɗe yana latsa ƙafar daga yatsu zuwa idon sawu, sannan ya juya ya yi wa malamin asibiti magana da sauri. Ban tsinci komai ba sai kalma ɗaya, kuma ta fito daga bakinsa daidai yadda Baba yake faɗinta: "amputate". Ban taɓa kawowa a raina cewa kalmomin littafin nan suna da aiki a wajen zaurenmu ba. Na ɗauka wasa ne na Malam Kwano. Na kalle shi, na ga fuskarsa ta koma kamar toka, shi ma ni yake kallo. Malamin asibitin, wani dattijo mai taushin murya, ya juya wurin Kaka ya ce, "Iya, likita ya ce za a yi mishi ɗan aiki a ƙafa, ya samu sauƙi." Na san tausayi ne ya sa ya faɗa haka. Kaka ta gyaɗa kai ta ce to, Allah ya ba da sa'a.

Malam Kwano ya matsa gaban likitan. Ya gyara tsayuwa kamar yadda yake yi idan zai karanta wa Baba jimla, ya yi magana a hankali, kalma bayan kalma. Na ji "inevitable" a ciki. Likitan ya tsaya ya dube shi da kyau, sannan ya amsa masa kamar yadda ake amsa wa babban mutum, yana nunawa a ƙafar Bawa: yau nan, ya ja layi a bayan yatsu; in an jira, nan, ya taɓa gwiwa; in an ƙara jira, sai ya girgiza kai. Malam Kwano ya juyo wurina ya nuna Kaka ya ce da Hausarsa, "Gaya mata. Gaskiya."

Kaka ta ce, "Mi ya ce, Ladi?"

Na ce, "Yanke mishi ƙafa za su yi, Kaka. Gaban ƙafar, da yatsun."

Ba ta yi kuka ba. Ta miƙe ta fara naɗe Bawa a zanensa, tana cewa da ƙafarsa uwarsa ta ba ta shi, da ƙafarsa za ta mayar da shi, in mutuwa ce ya mutu a ɗakinta. Malamin asibiti ya yi ta ba ta haƙuri, ba ta ko dube shi ba. Ni kuwa na tsaya ina jin kamar da bakina na sari ƙanena. Sai Malam Kwano ya zagayo ya tsuguna a gabanta a kan siminti, ya cire malafarsa, ya riƙe gefen zanen da take naɗewa. Manyan kalmominsa ba su da amfani a nan, ya kuma sani. Ya nuna yatsun ya ce, "Ƙafa kaɗan." Ya ɗora tafinsa a ƙirjin Bawa ya ce, "Yaro duka." Ya sake faɗa, ya kuma sake. Kaka ta daɗe tana kallon tsakiyar kansa. Daga baya ta saki zanen, ta koma ta zauna a benci ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce wa malamin asibiti, "A yi."

An yanke gaban ƙafar a ranar. Baba ya iso daga Sakkwato ya tarar Bawa ya fara shan kunu, Inna ta taho daga Bungudu da jaririya a baya ta yi kukanta ta gaji. Bawa ya tashi, ya koyi tafiya da ɗan tangaɗi, ya yi makaranta, ya zama mai gyaran rediyo a kasuwa, ya haifi 'ya'ya har da jikoki kafin Allah ya karɓi abinsa. Kaka kuwa har ta rasu ba ta yarda a ambaci ranar a gabanta ba, amma duk kaka sai ta aiko wa Malam Kwano da gyaɗa da zuma. Karatun zaure ya ci gaba, sai dai ni na daɗe ban iya riƙe littafin ba. Ko da na koma, ban sake karanta kalma ba sai na fara tambayar Baba ma'anarta, shi ma Malam Kwano ya bar kwatantawa da jiki. Kafin a ba mu mulkin kai kamfaninsa ya kira shi Ikko. Ya zo sallama, ya durƙusa ya gaida Inna daga bakin zaure, ya shafa kan Bawa, ya tafi tashar jirgin ƙasa. Ba mu sake jin ɗuriyarsa ba.

Yanzu jikokina suna koyon Turanci a waya, su danna kalma ta faɗi kanta, su danna kuma ta ba su ma'ana, ba mai zama a tabarma gaban wani, ba mai gyara wa wani baki. Mutanen Sin ma sun daina zama abin kallo. Nakan gan su ta gilashin mota a wuraren aikin hanya, da hulunan kwano a ka, yara na wucewa ba sa ko juyawa. Ni nakan juya. Ina duba fuskokinsu ko zan ga mai kama da shi, alhali na san ko ɗiyarsa, in tana raye, ta tsufa kamar ni. Ban taɓa sanin sunanta ba, kuma ina jin ita ma ba ta san abin da ubanta ya yi a Gusau ba. Da na so a ce ni na gaya mata.