Wadda Ta Kwanta wa 'Yan Tsakina a Dandamisa

Jama'a, abin da zan ba ku ba ji na yi a bakin wani ba, ni ya faru da ni, wallahi tallahi, kuma tsufa ya kai ni inda ƙarya ba ta da abin da za ta ƙara mini. Zamanin Turawa ne, ina saurayi ɗan kwalisa, ina aikin malamin gona a ƙasar Makarfi. Wata shekara annoba ta share kajin garin Dandamisa kaf, ko zakaran da zai yi cara babu, sai ofishinmu ya tura ni can da kwandunan 'yan tsaki irin na Turawa, jajaye, in raine su har su yi ƙwari a raba wa gidaje. Baturen gona ya gaya mini ƙiri-ƙiri, in suka mutu babu wasu, ni ma in nemi wata sana'ar.

To ga 'yan tsaki babu uwa, sai na zama uwarsu. Mai unguwa ya ba ni ɗaki, na kewaye tsakiyarsa da guntun zana, na shimfiɗa ƙaiƙayi, na girke tukunyar da na huhhuda a tsakiya ina zuba mata garwashi. Ruwan shansu a kasko, da 'yan duwatsu a ciki don kada wani ya nutse. Su da kansu suke gaya maka yadda ɗakin yake: in suka dunƙule a jikin tukunya suna tsui-tsui, sanyi ne, in suka gudu jikin zana baki buɗe, wuta ta yi yawa, in ko suka bazu kowa na tsince-tsincensa, to ka gode Allah. Na kulle ɗakin da kwaɗo na hana kowa shiga saboda cuta. Wata tsohuwa maƙwabciyata, Gwaggo Ladi, ta laƙaba mini suna Uwar Kaji, kullum da safe sai ta leƙo ta katanga ta ce, "Uwar Kaji, ya kwanan 'ya'ya? Nono ya zo kuwa?" In yi dariya in ce, "Gwaggo, sai dai ki taimaka da naki."

Ana nan marka ta sauka, ruwa ba dare ba rana, itace ya jiƙe, gawayina ya zo ƙarshe. Na juye ragowar a tukunya, na kulle, na hau keke zuwa Makarfi da niyyar in dawo kafin azahar. Ina dawowa da buhun gawayi na tarar rafi ya kawo, ya cika ya batse, ga mutane jingim a gaɓa babu mai iya tsallakawa. Nan na kwana a wata rugar Fulani, an kawo mini fura na ture ta gefe, don na san garwashin nan ba zai kai magariba ba, kuma ɗan tsako ba ya kwana cikin sanyin marka ya tashi.

Da hantsi ruwa ya janye na tsallaka. Na iske Gwaggo a ƙofar ɗakina idanunta sun yi ja.

"Ɗan nan, sai haƙuri," in ji ta. "Jiya har la'asar suna ta kuka, na ce a ɓalle ƙofa in kai musu wuta, mai unguwa ya ce wa zai taɓa kwaɗon gwamnati a kai shi kurkukun Zariya? Can sai muka ji tsit."

Na sa makulli na buɗe. Abin da ya fara bugun fuskata ɗumi ne, irin na ɗakin mai jego. Na taɓa tukunya, sanyi ƙalau, tokar ma ta yi danshi. Na duba cikin zana, subhanallahi! Ga su nan ras, ko ɗaya bai faɗi ba, wasu na shan ruwa, wasu na miƙa 'yan ƙafafu. Na yi kabbara, Gwaggo ta rangaɗa guɗa, ban san sanda na kama hannunta muna tsalle ba, ni da nake ji da farin wandona. Ban taɓa yin farin ciki irin na ranar nan ba, har ranar aurena kuwa, Allah Ya sa mai ɗakina ba za ta ji wannan ba.

Sai da murna ta lafa na lura da wani abu. Gefen tukunya ƙaiƙayin ya lotsa ya yi gurbi, sak irin wanda kaza ke yi in ta kwanta, sai dai faɗinsa ya fi faifai nesa. Na sa tafin hannu, ɗumi kamar yanzu aka tashi daga kai. Babu gashi, babu kashi, babu sawu, taga kuwa tun farko na toshe ta da laka. Kuma ku tuna, garin nan ko kaza ɗaya babu.

Na ci gaba da hura musu wuta kamar da, amma daga ranar, da yamma ta yi sai su bar tukunyata su tafi gurbin nan su kewaye shi, kowa yana cusa kai yana turawa kamar mai shiga ƙarƙashin fiffike, tsakiya kuwa fayau babu komai. Na yi ta karanta duk addu'ar da na iya. Na so in kwashe ƙaiƙayin in ƙone, Gwaggo ta ce, "Kul! Ta cuce ka ne? Kai da Allah Ya kawo wa mai taya reno." Sai na bar shi, shara ma ta gefe nake bi.

Suka girma suka yi ɓul-ɓul. Ranar rabo gari ya cika kamar ana suna, mai unguwa na ta washe baki, ana ta sa mini albarka. An fito da su cikin kwanduna ke nan, rana tsaka, sai daga cikin ɗakin da babu kowa muka ji ƙut, ƙut, ƙut, kiran kaza ga 'ya'yanta, amma da kauri, har a ƙirjina na ji shi. Kajin nan duka suka yi shiru suka juya kai wajen ƙofa.

Gwaggo ta zungure ni ta ce, "Je ka yi mata godiya mana, ka gaya mata gidajen kirki za su."

Na tsaya a bakin ƙofa na ce, "An gode, Allah Ya saka. Za a riƙe su amana." Wallahi sai na ji wani abu mai laushi da ɗumi ya goge ni, ba a ƙafa ba, a kafaɗa, ya wuce waje. Na koma na taɓa gurbin, ya huce.

Har yau ban san mece ce ba, ban kuma nemi sani ba. Ku masu kiwo, ku tanadi gawayi kafin marka, ku bar wa maƙwabci makulli. In kuma wata rana kuka tarar wuta ta mutu amma ɗaki na da ɗumi, ku yi sallama kafin ku shiga, kada ku taka tsakiya.