Jan Tsumman Rijiyar Kiéché

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe a lise, wato babbar sakandare, a Dogon Dutsi, muna da wani ɗan kulob na masu haɗa robo, wato na'urar da ake tsara mata aiki ta yi da kanta. Ɗakinmu ƙarami ne a bayan azuzuwa, kuma shugaban makaranta ya daɗe yana sha'awar mayar da shi ma'ajiyar karyayyun bencina. Da aka gayyace mu gasa a Dosso, sai ya ce wa malaminmu na kimiyya idan muka je muka dawo hannu rabbana, to mu kawo makulli. Mushe, haka muke kiran malamin, bai ɓoye mana ba.

Aikin gasar ba wuya a baki. Robo zai ɗaga kofi cike da gero ya ajiye a kan kanta ta tsakiya, ba ta sama ba, ba ta ƙasa ba. Abin da ke ɗaga hannun robon namu silinda ce mai aiki da iska: bututun ƙarfe da sanda a ciki, a buɗe bawul iska ta turo sandar waje. Iskar kuwa a gorunan lemo muke dura ta da famfon keke. Matsalar silinda ita ce wuri biyu kawai ta sani, ko ta fito gaba ɗaya ko ta koma gaba ɗaya. Tsakiya ba ta cikin tarbiyyarta.

Ni ne mai rubuta wa robo umarni a kwamfuta, kuma a lokacin ina ji da kaina ƙwarai. Dabarata ita ce lokaci: a buɗe bawul na ɗan ƙiftawar ido, a rufe, sanda ta tsaya a tsakiya. Gwajin farko ya yi daidai, har na fara tafiya ina buɗa kafaɗa. Amma da iska ta ragu a gora, sai hannun ya kasa kaiwa. Mu ƙara iska, ya wuce ya watsa gero har kan Mushe. Na gyara lissafi har na gaji, kajin maigadi kuwa suka yi ƙiba a ƙofar ɗakinmu.

Akwai abokina ɗan Kiéché, da ke zaune gidan kawunsa saboda karatu. Shi ke ɗaure ƙusoshi da wayoyi, ba shi da yawan magana, idan kuma zai yi sai ya ja ta kamar mai auna hatsi. Wata rana da la'asar yana share geron da na zubar, sai ya ɗago.

"Kai dai kana ƙidayar lokaci," in ji shi. "Garinmu rijiya na da zurhi, sa ka jan guga. Ba wanda ka ƙidaya komi. Tsumma munka ɗaure ga igiya, in ya hito bakin rijiya, a ce ma sa shi tsaya. Ko ya ƙoshi ko yana jin yunwa, tsumma na nan inda ya ke."

Na ce masa robo ba sa ba ne. Ya yi murmushi ya ci gaba da shararsa. Washegari ya zo da maganaɗisun da ya ciro daga lasifikar tsohuwar rediyo, ya manna a jikin sandar. A gefe ya ɗaura wata 'yar na'ura da ke cikin kayanmu, mai jin maganaɗisu idan ya zo kusa. Ya ce in goge lissafina, in rubuta abu ɗaya: da ta ji shi, a rufe bawul.

Muka gwada, hannun ya wuce kantar da kaɗan. Har na buɗe baki zan ce ai na faɗa, sai ya riga ni. Ya ce dama ya san za a yi haka, domin sa ma ba ya tsayawa cak, sai ya ƙara taku. Shi ya sa ba a ɗaure tsumma a jikin guga, sai can sama da shi, in ba haka ba guga ya bugi icen rijiya ruwa ya zube. Iska ma haka take, ko an rufe mata ƙofa sai ta ƙara turawa. Ya sassauta na'urar, ya ja ta baya kaɗan, ya matse hanyar fitar iska don sandar ta rage gaggawa. Hannun ya tashi ya tsaya daidai bakin kanta. Muka rage iska, ya tsaya nan. Muka ƙara, nan dai. Mushe ya daɗe yana kallonsa kafin ya ce, "Ɗan Kiéché, Allah shi yi ma albarka." Don tsokana, abokina ya yagi jan ƙyalle ya ɗaura a sandar.

A Dosso, ana gab da kiranmu muka ji gora ɗaya tana tsiyayar iska, ga shi ba damar sakewa. Ni kam makullin nan kawai nake gani. Robo ya kama kofi, hannun ya fara tashi a hankali kamar tsoho zai miƙe daga tabarma. 'Yan wata makaranta suka fara dariya. Da lissafina ne, da tuni bawul ya rufe a rabin hanya. Jan ƙyallen ya yi ta hawa, ya kai wurinsa, hannun ya tsaya cak, robo ya ajiye kofi a kantar tsakiya. Ko ƙwaya ɗaya ba ta faɗi ba.

Na biyu muka zo, kuma bencina suka nemi wani wurin.

Har yau idan na tuna, abin da ke burge ni shi ne yadda ya riƙe abin da ya gani a gida da daraja, bai ɗauka ilimi sai wanda ya zo cikin kwali ba. Ni na taso ina shan ruwan famfo, ban taɓa tambayar yadda ake tsayar da sa ba. Bara na bi ta makarantar, na leƙa ta taga. Yara ne da ban sani ba, da sabon robo wanda ya fi namu kyau nesa ba kusa ba. A jikin sandarsa akwai jan ƙyalle. Na tambayi wata yarinya amfaninsa, ta ce ita ma ba ta sani ba, haka suka tarar ana yi, kuma ba mai yarda a je gasa ba tare da shi ba.