Ƙwayoyin da ke cikin layar gidanmu

Jiya na iske Goggo, yayar mahaifina, tana rataya wa 'yata wata tsohuwar laya saboda masassara. Ɗinkin ya ɓalle, sai ƙwayoyi uku suka faɗo kan tabarma.

Ashe farkon zuwan Turawa wani likitansu ya sauka Kurfi, ya ba kakan Goggo na ƙauyen Wurma maganin masassara. Tsoho ya ga asara ce a haɗiye abu mai daraja haka, sai ya kai wa baduku ya ɗinke. Ya rataya, ya warke. Tun daga nan duk wanda ya kwanta a danginmu ita ake aro masa.

Na ce, "Goggo, wannan fa sha ake yi."

Ta harare ni. "Da ya shanye, mu me za mu rataya?"

Sai ta tsinci ɗaya ta nufi bakin yarinya. Na fizge, na goya 'yata sai asibitin Dutsin-Ma.

Da muka dawo da magani, Goggo ta ce in rage mata biyu, ta san wani baduku.

Ku me kuka gada a gidanku?