Mai Aron Wayoyi a Tashar Azare

Muna zaune a tashar Azare muna jiran motar Misau ta cika, wata mata tana bin fasinjoji tana neman aron waya. Siririya ce mai tabarau, ta maƙale kwamfuta a hammata. Ba kira take son yi ba. Shafin intanet ta gina wa wasu mata masu ɗinkin huluna, irin wanda ke daidaita kansa da fuskar kowace waya, tana son ganin yadda yake fitowa a hannun mutane.

A tawa wayar ya zauna daram, hulunan sun jeru tsaf. Sai ta durƙusa gaban wani dattijo mai ƙaramar waya da ta tsage.

"Baba, don Allah taɓa inda aka rubuta saya."

Shafin ya daɗe bai buɗe ba. Da ya buɗe, sau uku yana taɓawa, yatsansa na faɗawa wani wurin.

"'Yata, hulunan sun yi kyau, amma maɓallin nan na yatsun yara ne. Ga cin data."

Ba ta ɓata rai ba. Ina zaton ta sha jin haka, wataƙila ma daga bakin mahaifinta. Ta zauna a benci, ta rage nauyin hotunan, ta ƙara girman maɓallin a kwamfutarta, ta ce ya sake gwadawa.

Sau ɗaya ya taɓa. Ya ɗago yana dariya.

"To, wannan mai ruwan ƙasar, akwai daidai kaina?"