Ranar da Aka Ƙaddamar da Hoto

A shekarun da kwamfuta ta fara shiga ofisoshin Yelwa aka ɗauke ni aikin wucin gadi a wani ofishin tallafa wa masunta, can bakin ruwa. Sharaɗin ɗaya ne: in haɗa kwamfutocin su riƙa magana da juna, a tabbatar da ni. Wayoyin da na tarar a cukurkuɗe suke kamar tsohuwar komar kamun kifi. Ko daga wannan ɗaki zuwa wancan, sai an sa aiki a diski an kai da ƙafa.

Sai na samo manhajojin gwaji biyu daga Kaduna, irin waɗanda kake zana haɗin a allo, ka koya, ka ɓata, ka gyara, kafin ka huda bangon kowa. Ɗaya baƙin allo ce da rubutu zalla, amma tana nuna inda saƙo ke maƙalewa. Ɗayar kuwa sai kwalliya, ƴan ambulan suna tashi daga hoton wannan kwamfuta zuwa waccan, fitilu suna kore.

A ofishinmu ko tsintsiya ba a zaɓa sai Darakta ya sa baki. Mutumin da kwamfutarsa ke lulluɓe da leshi, bai taɓa sanin inda ake kunna ta ba! Da na nuna masa su, ya ga ambulan na tashi, ya miƙe tsaye.

"Kai! Ashe har kun gama?"

"Ranka shi daɗe, gwaji ne kawai. Ko waya guda ba mu ja ba."

"To ba ga saƙo nan yana tafiya ba? Wagga muke so. Kauda waccan mai baƙin ciki."

Na duba manyan ma'aikata ko wani zai tanka. Ina! Sai gyaɗa kai suke yi, har da mai cewa shi ma haka ya fahimta.

Kafin in ankara an kafa rumfa. An gayyato sarakunan ruwa daga Wara da Shanga, suka bar kamun ranar suka zo da manyan riguna. Aka ɗaura wa kwamfutata kirtani, Darakta ya yanke, na danna, ambulan ya tashi, aka yi kabbara. Wallahi ji na yi kamar in nutse. Wani dattijo ya tambayi inda saƙon ya tafi, Darakta ya nuna masa tsallaken ruwa da baki.

Bayan taro na bi shi ofis da maganar waya da masu huda bango. Ya dube ni sheƙeƙe.

"Abin da anka ƙaddamar gaban jama'a? So kake a ce na yi ƙarya? Aiki ya ƙare, Malam. Mun gode, Allah shi ba ka wani."

Na fito, na ba akawun ofishin hanya, yana sauri da diski a hannu.

Da na isa gida na tarar Inna ta ji labarin bikin a rediyo. Ta riga ta raba wa maƙwabta masa, wai ɗanta ya samu aiki.